Nisan Njamena Da Kano Ta Sama: Abin Da Ya Kamata Falke Ya Sani



Ina so in yi bayani a kan wata tambaya da ta yawaita a bakin mutanenmu, musamman tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa. Tambayar ita ce, tsakanin filin jirgin saman Njamena da na Kano kilomita nawa ne? Yaro ya latsa waya ya ce 710. Direban tirela ya ce wallahi sun fi 800. Wanda ya sayi tikiti kuwa ya ce shi dai kwana ya yi a hanya kafin ya isa. Sai gardama ta kaure, alhali kuwa kowa a cikinsu gaskiya ya faɗa, abin da suke aunawa ne ya bambanta.

Da a ce abin ya tsaya a hira da ba sai an ɓata takarda ba. To amma a kan wannan lissafi ake yanke kuɗin mota, da ladan masu kora, da ranar da mutum zai bar gida don ya riski kasuwa. Wanda ya ɗauki awon sama ya yi ciniki da shi a ƙasa, ko dai ya ci haƙƙin direba, ko kuwa shi ya yi asara. Saboda haka bari mu bi abin dalla-dalla.

Filayen Nan Biyu

Filin jirgin Kano shi ne wanda aka sa wa sunan marigayi Malam Aminu Kano, kuma a jikin tikiti ana rubuta shi da haruffa uku, KAN. Na Njamena yana ɗauke da sunan Hasan Jamus, kwamandan sojan Cadi da ya yi suna a yaƙin 1987, haruffansa kuwa NDJ. Ku riƙe haruffan nan, za su yi mana amfani nan gaba.

Hanyar sama tsakanin garuruwan nan biyu tsohuwa ce. A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan Ingila guda 3 suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne jiragen sama na farko da suka zo Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila daga Hartum zuwa Kano, yana yada zango a Njamena da Maiduguri. A lokacin sunan Njamena Farlomi, sai a 1973 aka sake mata suna. Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, daga 1940, Turawa suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su a can, su tashi su biyo ta Ikko da Kano da Maiduguri da Farlomi, su ratsa Sudan zuwa Masar. Dubban jirage suka bi wannan layi. Idan kun lura, daga Kano zuwa gabas kusan hanyar da kakanninmu mahajjata suka bi a ƙasa ke nan, ta Barno da Wadai da Darfur. Bature bai ƙirƙiro sabuwar hanya ba, ta sama kawai ya bi.

Yadda Ake Auna Nisan Sama

Masana sun raba kewayen duniya gida 360, kowane gida ana ce masa digiri. Kewayen duniya kuwa kilomita 40,000 ne da 'yan kai, idan aka raba sai kowane digiri ya tashi wajen kilomita 111. Sa'an nan suka ja layuka iri biyu a jikin taswira. Akwai na kwance, masu nuna yadda gari ya yi arewa ko kudu daga tsakiyar duniya. Akwai na tsaye, masu nuna yadda ya yi gabas ko yamma daga wata unguwa ta birnin Landan da aka ɗauka a matsayin mafari. Kowane filin jirgi yana da lambobinsa biyu, kamar yadda kowane garke yake da shaidar mai shi.

Filin Kano yana kan digiri 12 arewa, da digiri 8 da rabi gabas. Filin Njamena shi ma yana kan digiri 12 arewa, amma digiri 15 gabas. Kun ga ke nan a kan layi ɗaya suke, wanda ya tashi daga Kano ya fuskanci mafitar rana sak, Njamena zai faɗa. Bambancin da ke tsakaninsu digiri 6 da rabi ne.

Saura a mai da digiri kilomita. A nan akwai ɗan abin lura. Layukan tsaye suna kama da tsagin jikin kabewa, a tsakiya suna da faɗi, suna matsewa yayin da suka doshi kai da gindi. A tsakiyar duniya tsakanin layi da layi kilomita 111 ne, amma a daidai inda muke, digiri 12 arewa, ya ragu zuwa wajen 109. To, 109 sau 6 da rabi ya ba mu 708 da rabi. A cike shi a ce 710. Daga nan lambar da ke cikin waya ta fito, ba wani siddabaru a ciki.

Wannan awo shi ne mafi gajartar tazara da za a iya samu a bayan ƙasa. Ka kife ƙwarya, ka ɗiga tawada wuri biyu a bayanta, ka ja zare ya miƙe tsakaninsu, to tsawon zaren nan shi ne nisan sama. Da irin wannan lissafi ne masana suke fitar da alƙibla ta kowane gari. Zaren bai san kogi ba, bai san iyakar ƙasa ba, bai san shingen jandarma ba. Idan aka shimfiɗa shi daga Kano zai ratsa Jigawa da Yobe, ya bar Potiskum da Damaturu da Maiduguri daga kudu kaɗan, ya bi kusan ta saman Dikwa, ya tsallaka wannan siririn wuya na arewacin Kamaru cikin 'yan mintoci, ya ƙetare kogin Shari ya sauka Njamena.

A Kula Da Mudun Da Aka Yi Awo

Wani abin da ke ƙara rikita mutane shi ne ma'auni. Mu nan ƙasashen da Faransa ta yi wa mulki da kilomita muka tashi. Dattawan Nijeriya kuwa da mil suka saba, har gobe akwai wuraren da ake kira Mil Tara, Mil Goma. Mil ɗin ƙasa mita 1,609 ne. Matuƙan jirgin sama da na ruwa suna da nasu mil ɗin dabam, mita 1,852. Saboda haka nisan nan guda ɗaya yana iya zuwa maka da fuska uku: kilomita 710, ko mil 441 na ƙasa, ko mil 383 na matuƙa. Duk abu ɗaya ne. Wanda ya ga 383 ya ce ai Kano kusa take, ya yi kamar mutumin da aka ce masa buhu tiya 40 ne bai tambayi tiyar wace kasuwa ba. Duk lambar da aka ba ka, ka fara tambaya da wane mudu aka auna.

Awa Nawa Jirgi Yake Yi

Babban jirgin fasinja idan ya kai sama ya daidaita yana cin wajen kilomita 800 a awa ɗaya. Bisa lissafin allo ke nan 710 ba ta kai awa ɗaya ba. Amma jirgi ba ya tashi da cikakken gudu. Sai ya gangara titi, ya jira izini, ya hau a hankali, can kuma ya sauko a hankali. Idan aka haɗa duka, a ce awa ɗaya da kwata zuwa awa ɗaya da rabi. Ƙaramin jirgi mai farfela, wanda gudunsa bai wuce wajen kilomita 500 a awa ba, ya doshi awa biyu.

Har ila yau, jirgi ba ya bin zaren nan sak. Sama ma tana da burtalinta, kuma akwai masu tsaronsa. A Cadi da Kamaru da Nijar hukumar ASECNA ce take kula da zirga-zirgar jirage, wadda aka kafa a 1959. A Nijeriya kuwa hukumar NAMA ce, kuma a wurin matuƙa sararin samaniyar Nijeriya da sunan Kano ake kiransa. Su ne za su ce wa matuƙi bi nan, hau can, dakata tukuna. Da damina idan hadari ya haɗu tilas a kewaye shi. Wannan duka yana ƙara 'yan kilomita a kan 710.

Babbar matsala ita ce hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, kudu maso yamma da Faya, ta turo ta kan Njamena da Barno da Kano. Idan matuƙi ba ya iya hangen titi gwargwadon yadda doka ta ce, ba zai sauka ba, ko a ɗage tashi, ko a soke, ko a karkata da shi wani gari. Lokacin nan kuwa shi ne lokacin da dabba take da ƙiba bayan kaka, ciniki yana ci, kowa yana son tafiya. Wanda zai bi jirgi da hunturu ya bar kwana ɗaya ko biyu na ko-ta-kwana.

Sa'an nan a ƙara da zuwa filin jirgi awa biyu ko uku kafin tashi, da layin 'yan shige da fice, da jiran kaya. Daga ƙofar gidanka a Njamena zuwa masaukinka a Fagge, ko da jirgin ya miƙe kai tsaye, ka ware awa biyar zuwa shida.

Nisan Tikiti Dabam Yake

A nan ne da yawa daga cikinmu suke shan mamaki. Lambar 710 tana aiki ne idan akwai jirgin da zai tashi daga NDJ ya sauka KAN ba tare da ya bi ta ko'ina ba. Irin wannan jigila tsakanin garuruwan yankinmu ba ta cika daɗewa ba, yau akwai gobe babu, domin kamfanonin da suka riƙe sararin yankin sun yi ta durƙushewa. Air Afrique ya rushe a 2002, Nigeria Airways a 2003, Cameroon Airlines a 2008, Tchadia Airlines kuwa da aka kafa a 2018 bai wuce 2022 ba. Manyan kamfanonin da suka rage kowanne yana da cibiyarsa, can yake tara fasinja sa'an nan ya rarraba su. Na Habasha cibiyarsa Adis Ababa, ASKY kuwa Lome ta ƙasar Togo.

To ga yadda lissafin yake komawa. Idan tikitinka ya bi ta Abuja, daga Njamena zuwa Abuja wajen kilomita 920 ne, daga Abuja zuwa Kano wajen 360, jimla 1,280. Idan kuwa ta Adis Ababa ya bi, daga Njamena zuwa can wajen 2,620 ne, daga can zuwa Kano wajen 3,330, jimla kusan 6,000. Watau ka ninka tafiyarka fiye da sau 8. Za ka yi gabas har ƙasar Habasha, sa'an nan ka juyo yamma ka sake tsallake Cadi da ka baro kafin ka ga Kano. Zaman cikin jirgi kaɗai ya kai awa takwas, ban da jiran canjin jirgi, wanda sau da yawa kwana ne.

Saboda haka kafin ka miƙa kuɗi ga mai sayar da tikiti, ka karɓi takardar ka duba haruffan nan uku-uku. Idan ka ga ABV Abuja ce, LFW Lome ce, ADD Adis Ababa ce. Ka duba ranar tashi da ranar sauka, ba awa kaɗai ba. Ka kuma sani lokacin da aka rubuta na garin da abin ya shafa ne, agogon Adis Ababa yana gaban namu da awa 2. Misali, mai son ya ci kasuwar Wudil ta ranar Juma'a, wadda ke kilomita 40 da 'yan kai daga Kano, idan ya sayi tikitin Alhamis da yamma mai bi ta Habasha, to sai dai ya iske ana share kara. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wani zai ce, tun da tafiyar gajera ce me ya sa tikitin yake da tsada haka? Dalili shi ne ba a sayar da kujerar jirgi da kilomita. Harajin filin jirgi, da kuɗin sauka, da na tsaro, da na ma'aikata, duk ana biyansu ko tafiyar gajera ce ko doguwa. Jirgi kuma wajen tashi ya fi shan mai. Idan fasinja ba su da yawa, sai a raba wannan nauyi a kan 'yan kaɗan ɗin da suka hau. Kamar tirela ce da aka yi wa rabin lodi, kuɗin kowane sa sai ya hau.

Hanyar Da Shanu Suke Bi

Mu dai dukiyarmu a ƙasa take tafiya, kuma a kanta riba da faɗuwa suke. Ƙidayar dabbobi da Cadi ta kammala a 2015 ta nuna shanu kusan miliyan 25, kuma babbar kasuwarsu ta waje ita ce Nijeriya. Tsohuwar hanya kowa ya san ta. Daga kasuwanni irin su Masakori da Masaget da Durbali a gangaro Njamena, a haye gadar Ngeli a kan kogin Logon zuwa Kusuri, a bi ta Maltam zuwa Fotokol, wajen kilomita 100. A tsallaka zuwa Gamborun Ngala, a bi ta Dikwa zuwa Maiduguri, wajen 140. Daga Maiduguri a kama titin Damaturu da Potiskum da Azare da Wudil zuwa Kano, kusan 600. Jimla ta doshi kilomita 850.

Kun ga tsakanin 710 da 850 akwai 140, kusan kashi 1 cikin 6 na hanyar. Ubangidan da ya zauna da direba ya ce waya ta ce 710 ne, a kan haka zan biya, ya zaftare masa man kilomita 140. Idan kora ce a ƙafa, garken fatauci da ake so ya isa da jikinsa ba a cika wuce masa kilomita 20 a yini ba, domin sai ya yi kiwo ya sha ruwa. A lissafin sama kwana 35 ke nan, a lissafin ƙasa kwana 42. Mako guda cur na ladan masu kora da abincinsu ya ɓace a takarda, a aljihu kuwa sai an biya shi.

Wannan ma lokacin zaman lafiya ke nan. A watan Mayu na 2014 aka kai wa Gamborun Ngala mummunan hari, aka lalata gadar da ke wurin, daga baya garin ya faɗa hannun 'yan Boko Haram har sai da sojan Cadi suka shiga a Fabrairun 2015. A 2016 gwamnatin Barno ta rufe wasu kasuwannin shanu don toshe cinikin dabbobin sata. Aka yi shekaru motoci ba sa bin titin Dikwa sai da rakiyar soja. Fatake suka rabu biyu. Wasu suka yi kudu ta Bongor da Yagwa, su ratsa Kamaru su ɓullo Mubi ko Yola. Wasu suka kewaye tafkin Cadi ta arewa, ta Ngigmi da Diffa a ƙasar Nijar. Ko wacce aka bi zuwa Kano, tafiyar ta haura kilomita 1,200. A Agustan 2019 kuma Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyakar Nijar da Nijeriya har zuwa Maris na 2024. Duk tsawon waɗannan shekaru nisan sama yana nan 710, bai ƙaru da taku ɗaya ba, amma hanyar sa ta ƙaru ƙwarai. A 2025 aka buɗe gadar da ta haɗa Bongor da Yagwa, wadda ta sauƙaƙa wa masu bin kudu ƙetare Logon.

Daɗin daɗawa, kilomita ba ita kaɗai ke cin kuɗi a ƙasa ba. Tsakanin Njamena da Kano ta tsohuwar hanya ƙasa uku ce, iyaka biyu, kuɗi iri biyu. Akwai kuɗin fito na duwan a Cadi, da takardar likitan dabbobi, da fasfon dabbobi na hukumar CEBEVIRHA mai mazauni a Njamena, da kuɗin ratsa Kamaru, da kwastan na Nijeriya, da kuɗin lodi da sauke, da la'adar dillali, da abin da shingayen hanya suke ci wanda ba shi da rasit. Ga ramar da dabba take yi, ga wadda za ta karye a mota a yanka ta a sayar a wulaƙance. Ga kuma canji, ka saya da sefa ka sayar da naira, kafin ka juyo farashi ya motsa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake cikin lambar 710.

Shin Ba Za A Ɗora Su A Jirgi Ba?

Matasa sukan yi wannan tambaya, kuma ba wauta ba ce. Kayan jirgin sama da kilo ake biyansu. Bijimi mai kilo 350 idan aka yanka aka feɗe, naman da zai rage wajen rabi ne, saura fata ce da kai da ƙafa da kayan ciki. Mai ɗaukar sa da rai a jirgi yana biyan kuɗin ƙaho da tumbi a farashin tsoka. Shi ya sa ba a ɗaukar dabba mai rai ta sama sai ta iri mai tsada, ko dawakin sukuwa.

Nama dai ya hau jirgi a wannan gari. Tun a shekarun 1950 ake ɗaukar nama mai sanyi daga Farlomi zuwa biranen kurmi irin su Barazabil da Libarabil, kuma a 1958 aka buɗe mayankar Farsha mai ɗakunan sanyi. Abin ya yiwu ne domin can kurmi ƙudan tsando ba ya barin shanu su yi yawa, nama yana tsada, titi kuma babu. Kano ba haka take ba. Akwai titi, akwai shanu a kewayenta, mahauta kuma sun fi son dabba a tsaye, domin fata da kai da kayan ciki duk kuɗi ne a wurinsu. Saboda haka a tsakanin garuruwan nan biyu jirgi na ɗaukar falke ne da takardunsa. Amfaninsa shi ne mutum ya riga kayansa isa, ya ga yadda kasuwa take, ya karɓi bashi, ya daidaita da fatomansa ido da ido. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Abin Da Ya Shafi Ibada

Digiri 6 da rabi ɗin nan yana da wani amfani. Rana tana ratsa digiri 15 a awa ɗaya, watau minti 4 a kowane digiri. Idan aka buga, rana tana riga fitowa da faɗuwa a Njamena da wajen minti 26 kafin Kano, alhali agogon Cadi da na Nijeriya da Kamaru da Nijar ɗaya ne. Wanda ya sauka Kano da azumi a bakinsa kada ya sha ruwa da lokacin gida, ko don an kira shi a waya an ce can an yi kiran salla. Malamai sun ce mai azumi da ranar inda yake yake aiki. Wanda ya zo Njamena daga Kano shi ma ya kula da sahur, alfijir zai riga wanda ya saba.

Game da ƙasaru kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, tafiyar da ake rage salla a cikinta ita ce ta mil 48, wadda malaman wannan zamani suke ƙiyasta ta da kilomita 80 da ɗoriya. Nisan ake dubawa, saurin abin hawa ba ya soke rangwamen. Wanda kuma ya yi niyyar zaman kwana huɗu a garin da ya sauka sai ya cika sallarsa. Mai neman ƙarin bayani ya koma ga malaminsa.

Sauran Filayen Yankinmu

Ga mai son ya gwada lissafin da kansa, ga nisan sama tsakanin wasu filaye da mutanenmu suke mu'amala da garuruwansu. Njamena zuwa Maiduguri wajen kilomita 215, a ƙasa kuwa kusan 250. Damagaram zuwa Kano wajen 200, a ƙasa kusan 240. Marwa zuwa Maiduguri wajen 200. Garwa zuwa Yola 100 da 'yan kai, duka biyun a bakin kogin Binuwai. A irin waɗannan gajerun tafiye-tafiye, idan hanya tana da lafiya, kafin mai jirgi ya gama layin filin jirgi mai mota ya yi nisa.

Shawara Ga 'Yan Uwa

Na farko, duk wanda ya kawo maka lamba ka tambaye shi ta sama ce ko ta ƙasa, kilomita ce ko mil. Kada a rubuta awon sama a yarjejeniyar direba ko ta masu kora. A rubuta sunayen garuruwan da za a bi, da abin da za a ƙara idan aka rufe hanya aka kewaya, a kuma sa shaidu.

Na biyu, mai bin jirgi ya karanta tikitinsa tun a gaban mai sayarwa, ya san zango nawa ne, ya tambaya ko kuɗin yana dawowa idan aka soke tashi.

Na uku, a filin jirgi ba a yin sanayya irin ta bakin iyaka. Sai fasfo mai rai, da katin rigakafin shawara. Kuɗi kuma a bayyana su, dokar Nijeriya ta ce wanda ya shiga ko ya fita da abin da ya haura dalar Amurka 10,000 ko kwatankwacinta tilas ya shaida wa kwastan, ƙasashen sefa ma suna da tasu iyakar. Kada kuɗin garke guda su salwanta a kan takarda ɗaya da ba a cike ba. A kuma tuna sefar Cadi da Kamaru dabam take da sefar Nijar, ko da yake darajarsu ɗaya ce a hukumance, 'yan canji ba sa karɓarsu daidai.

Na huɗu, ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa kowane reshe ya rubuto ainihin kilomitar da motocinsa suke ci a hanyar da ake bi a wannan kaka, da yawan shingayen da ke kanta, a buga a wannan takarda tamu. Da shi za mu riƙa yanke kuɗin mota bisa adalci, da shi kuma za mu je gaban hukuma idan za mu kai kuka.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya sa albarka a dukiyarmu, Ya kawo zaman lafiya a ƙasashenmu baki ɗaya, amin.